Ina Kuɗin Tattaki Ke Sauka?

Wanda ya yi makonni yana takawa a ƙasa daga gari zuwa gari ba ya isa zangon ƙarshe da ƙafar da ya taso da ita. Bororo ya fashe ya warke ya sake fashewa, farcen babban yatsa ya yi baƙi, takalmi ya cinye ta gefe guda, kafaɗa ta yi kanta a inda igiyar jaka ke zama. Idan tattakin na neman taimako ne, akwai takarda ko shafin intanet mai ɗauke da sunayen waɗanda suka yi alkawari: wannan zai ba da kaza a kan kowace kilomita, wancan zai ba da nasa a dunƙule ranar da aka kammala. Sai jama'a su fito tarba, a ɗauki hotuna, a karanta jimillar abin da aka samu, kowa ya kama gabansa. Wannan hanya ta tara kuɗi ta yi ƙarfi a Turai da Amurka da kudancin Afirka, kuma yaran da cutar ƙanjamau ta mayar marayu suna cikin waɗanda ake yawan takawa dominsu. Ni dai a ganina aikin yana da daraja, kuma ya cancanci a kare shi daga masu raina shi. Sai dai ana auna darajar tasa da mudun da bai dace ba, wato tsawon hanya da yawan wahala. Abin da ya kamata a auna shi ne hannun da kuɗin suka sauka a cikinsa, da kuma shekarun da za su ci gaba da sauka. Hujjojin da aka tara cikin shekaru kusan 30 sun karkata ga amsa guda: kuɗin su bi yaro zuwa gidan dangin da ke riƙe da shi, su kuma taimaka wajen raya mahaifin da ya rage masa.

Wahalar da jiki domin jawo hankalin jama'a ga wata larura ta samu babban misali a Kanada a shekarar 1980, lokacin da Terry Fox, matashin da cutar daji ta sa aka yanke masa ƙafa, ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 da ƙafar roba, kafin cutar ta tsayar da shi kusa da Thunder Bay. Shekara 5 bayan haka, a ƙarshen watan Yulin 1985, aka yi tattakin ƙanjamau na farko a Los Angeles. Mutane kimanin 4,500 suka fito, aka tara dala 673,000, kwanaki kaɗan bayan duniya ta ji cewa ɗan wasan fim Rock Hudson yana ɗauke da cutar. A lokacin ba magani, mutane suna tsoron ko gaisawa da mai cutar, don haka fitowa titi da rana tsaka a ƙarƙashin sunanta ba ƙaramin abu ba ne. Mu ma tattaki ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu sun taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya, kuma a 2015 an ga yadda matashin da ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar zaɓe ya tara jama'a a duk garin da ya ratsa. Mutane suna yarda da wanda ya sa jikinsa a cikin maganarsa.

To su wane ne ake takawa dominsu? Ƙididdigar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 'yan shekarun nan akwai yara 'yan ƙasa da shekara 18 kusan miliyan 14 da ƙanjamau ta kashe musu uwa ko uba ko duka biyun, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu suna Afirka kudu da Sahara. Mace-macen sun kai ƙololuwa a 2004, lokacin da cutar ke kashe mutum kusan miliyan 2 a shekara. A 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin 630,000. Amma yawan marayu ba ya sauka da saurin da mace-mace ke sauka, domin yaron da uwarsa ta rasu yana ɗan shekara 3 zai zauna cikin wannan lissafi har shekara 15 masu zuwa. Abin da rashin ke yi masa kuma ba na watanni ba ne. A yankin Kagera na Tanzaniya, inda cutar ta yi ɓarna tun farkonta, masu bincike sun bi sawun yara tun daga farkon shekarun 1990 har zuwa 2004. Suka tarar cewa waɗanda suka rasa uwa sun girma da gajartar kimanin santimita 2, kuma karatunsu ya gaza da kimanin shekara guda idan aka kwatanta da tsararrakinsu. Ke nan yunwa da barin makaranta sun bi su har cikin ƙashi. Tattaki yana da ranar farawa da ranar gamawa, amma buƙatar yaron tana zuwa kowane zangon karatu, kowace damina da zazzaɓinta, kowace safiya da ciki zai nemi abin karyawa.

Abu na biyu da masu bayarwa daga nesa ba su cika sani ba shi ne inda yaran suke kwana. Fiye da kashi 90 cikin 100 na marayun Afirka suna hannun dangi ne, kuma a ƙasashen gabashi da kudancin nahiyar da cutar ta fi yi wa illa, kaso mai tsoka na wannan riƙo ya faɗa kan kakanni mata. Cutar ta ɗebe masu jini a jika, masu noma da fatauci da aikin albashi, ta bar tsofaffi da jikoki. A duba gidan irin wannan tsohuwa da sassafe. Ta binne 'ya'yanta biyu ko uku, waɗanda ta sa ran su ne za su ɗauke ta. Yanzu ita ce ke hura wuta kafin gari ya waye, ta raba kunu kashi biyar, ta duba wanda rigar makarantarsa ta yage, ta tuna wanda zai sha ƙwayarsa a kan lokaci idan a cikin jikokin akwai wanda aka haifa da cutar, sannan ta ɗauki fartanya da bayan da ya riga ya sunkuya. Ba ta da ofis, ba ta da lambar asusu, ba ta iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci ba. Ita ce kuwa ke ɗauke da mafi nauyin aikin kula da marayun ƙanjamau a duniya. Bahaushe ya san wannan tsari ciki da bai, domin a wurinmu ma idan rasuwa ta auku, kafin a share makoki an riga an yi maganar wanda zai ɗauki wane: wannan gwaggo, wannan kawu, ƙaramin ya zauna wurin kaka.

Duk da haka, wanda ya gama doguwar tafiya zuciyarsa ta fi karkata ga gini, kuma dalilin a fili yake. Ya yi wa ɗaruruwan mutane alkawari, yana son ya nuna musu abin da ido zai gani. Gidan marayu yana da bango da rufi da allon suna, ana iya ɗaukar hotonsa. Buhun masarar da ya shiga ɗakin wata tsohuwa kuwa an cinye shi kafin wata ya mutu. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A Romaniya, daga shekarar 2000, an gudanar da wani bincike a birnin Bukarest a kan yara ƙanana 136 da ke gidajen marayu; aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka zauna inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi bunƙasa ta fuskar basira da magana da shaƙuwa, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2. Jariri yana buƙatar fuska guda da ya sani, wadda ba ta tashi aiki da ƙarfe shida wata ta karɓe ta. Ga kuma tsada: wani lissafin Bankin Duniya a Tanzaniya ya nuna cewa riƙe yaro a gidan marayu ya ninka tallafa masa a hannun iyali kusan sau 6. Mafi tayar da hankali shi ne, ƙungiyoyin kare yara sun ƙiyasta cewa kimanin 4 cikin kowane yara 5 da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su. Inda duk aka gina gida mai abinci sau uku da makaranta kyauta a tsakiyar matalauta, gadajensa za su cika, ko da yaran suna da iyaye. Abin ya kai ga wasu sun mai da shi sana'a, suna tara yara domin jan kuɗin baƙi, har Ostireliya ta amince a 2018 cewa wannan nau'i ne na fataucin mutane. A ƙarshen 2019 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin da ke kira ga ƙasashe su fifita riƙo cikin iyali.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe masa baki ba. Zai ce ba kowane dangi ne uwa ba. Akwai marayan da aka mai da shi bawan gida, shi ne ɗebo ruwa, shi ne talla, 'ya'yan masu gida suna aji. Akwai gonar mamaci da 'yan uwa suka ƙwace kafin matarsa ta fita takaba. Da cin dukiyar maraya ba ya faruwa a cikin dangi, da addini bai yi ta nanata gargaɗi a kansa ba. Zai ƙara da cewa masu bincike daga Jami'ar Duke, a wani nazari da suka wallafa a 2009 a kan yara 'yan shekara 6 zuwa 12 a Kenya da Tanzaniya da Habasha da Indiya da Kambodiya, sun tarar cewa yaran gidajen marayu ba su gaza waɗanda ke cikin al'umma ba ta fuskar lafiya da basira. Wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana mu yi wa kowane gidan marayu kuɗin goro. Akwai yaran da ba su da kowa, akwai waɗanda ceto su daga hannun dangi shi ne jinƙai, kuma akwai masu irin waɗannan gidaje da suka sadaukar da rayuwarsu tsakani da Allah. Amma a lura da abin da aka kwatanta: gida mai samun tallafi a gefe guda, da iyali matalauta da akasarinsu ba mai taimaka musu a ɗaya gefen. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, me zai faru idan aka ba iyalin ko da kaso kaɗan na abin da ake kashewa a kan gado guda?

An gwada, kuma an ga sakamako. A 2004 Kenya ta fara bai wa gidajen da ke riƙe da marayu da yara masu rauni kuɗi a hannu, da gidaje 500 kacal. Shirin ya bunƙasa har ya kai dubban ɗaruruwan gidaje, kowanne yana karɓar abin da ya kama shilin 2,000 a wata. Binciken da aka yi a kansa ya nuna yara sun fi zama a makarantar sakandare, abinci ya inganta, kuma matasan waɗannan gidaje sun fi jinkirta fara jima'i, wanda shi kansa kariya ne daga cutar da ta kashe iyayensu. A Afirka ta Kudu, inda gwamnati ke biyan tallafin yara tun 1998, nazarin da aka wallafa a 2013 a kan matasa sama da 3,000 ya gano cewa a gidajen da ke karɓar tallafin, yawan 'yan matan da ke ba da kansu don kuɗi ko abin masarufi ya ragu da kusan rabi. Tsoron da ake yi cewa talaka zai shanye kuɗin ko ya busa su a taba ma an bi diddiginsa: masana a Bankin Duniya sun tattara nazarce-nazarce daga nahiyoyi uku a 2014, ba su ga shaidar hakan ba. Maganin mugun mariƙi kuwa shi ne ido, wato ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ko 'yar sa-kai ta unguwa da ke leƙowa gida, tana tambayar malami ko yaron yana zuwa aji. Albashin irin wannan mata yana daga cikin abubuwan da suka fi cancantar kuɗin tattaki, ko da yake ba wanda zai yi sha'awar ɗaukar hotonsa.

Akwai ma abin da ya fi wannan: kada yaron ya zama maraya tun farko, ko kada ya rasa na biyun bayan ya rasa na farko. Yawancin yaran da ke cikin lissafin nan suna da mahaifi guda a raye, kuma sau da yawa shi ma yana ɗauke da cutar. A shekarar 2000 maganin rage kaifinta yana cin sama da dala 10,000 ga mutum guda a shekara. A farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da haɗin magungunan a kan dala 350, yau kuma farashin a ƙasashe matalauta bai kai dala 50 ba. A Tororo da ke Yuganda, binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa kai wa manya magani har gida ya rage yawan yaran da ke zama marayu da fiye da kashi 90 cikin 100. Sau da yawa abin da ke raba uwa da maganinta bai wuce kuɗin mota zuwa asibiti ba, ko abincin da za ta sa a ciki kafin ta haɗiyi ƙwaya. Nkosi Johnson, yaron Afirka ta Kudu da ya yi jawabi a taron ƙanjamau na duniya a Durban a 2000 yana ɗan shekara 11, ya rasu shekara guda bayan haka, ya san zafin rabuwa da uwa. Gidan da aka kafa da sunansa a Johannesburg an tsara shi ne domin iyaye mata masu cutar su zauna tare da 'ya'yansu.

Sai ƙorafin da ake yi wa tattakin kansa. Wasu suna cewa kuɗin jirgi da masauki da motar rakiya da riguna masu tambari, da an miƙa su kai tsaye da sun fi amfani. Ƙorafin yana da tushe. A Amurka, kamfanin Pallotta TeamWorks da ya shahara wajen shirya dogayen tafiye-tafiyen keke domin ƙanjamau ya sha suka saboda a wasu daga cikinsu fiye da rabin abin da aka tara ya tafi a hidimar shiri, kuma ya rufe a 2002. Mai bayarwa yana da haƙƙin ya tambayi nawa ne zai isa, mai takawa kuma ya fi kyau ya ɗauki nauyin guzurinsa daga aljihunsa, ya bayyana lissafi dalla-dalla. Amma masu wannan suka suna ɗauka cewa kuɗin suna nan a ajiye suna jiran a miƙa su. Ba haka abin yake ba. Abokin aiki ko maƙwabcin da ya ba da wani abu saboda ya ga wanda ya sani yana ɗingishi a hanya, ba domin haka ba da wuya marayun wata ƙasa su faɗo masa a rai.

Wasu kuma, musamman a cikinmu, za su ce ai sadaka a ɓoye ta fi, wannan tallata kai ne. Niyya dai tana tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma malamai sun yi bayanin cewa bayyana sadaka yana da gurbi idan zai zaburar da wasu. Game da ƙanjamau kuwa, ɓoyewa ta yi kisa. A Disambar 1998 aka kashe Gugu Dlamini da duka a wata unguwa kusa da Durban, jim kaɗan bayan ta bayyana a fili cewa tana ɗauke da cutar. A Najeriya, inda binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu cutar sun kai kimanin miliyan 1.9, sai da aka yi dokar hana nuna musu wariya a 2014, kuma har yau akwai masu tsallake asibitin garinsu su tafi wani gari karɓar magani don kada a gan su. Tsangwamar da ke bin iyaye tana sauka a kan 'ya'ya. Mutum mai mutunci da ya ratsa garuruwa yana ambaton cutar ba tare da ya rage murya ba yana rage wannan nauyi.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na girma. Shirin yaƙi da ƙanjamau na PEPFAR da Shugaban Amurka George W. Bush ya ƙaddamar a 2003 ya kashe sama da dala biliyan 100, kuma doka ta ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shirye-shiryensa domin marayu da yara masu rauni. Ko tattaki dubu ba zai kama ƙafar wannan ba, kuma duk wanda ya ce taimakon ɗaiɗaikun mutane zai maye gurbin gwamnatoci yana yaudarar kansa. Amma a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, kuma ko da aka sassauta a kan magungunan ceton rai, shirye-shiryen marayu da yawa sun tsaya cak. Babban kuɗi yana rataye ne a kan siyasa, siyasa kuma tana bin abin da jama'a suka damu da shi. A nan ne wani misali daga Kanada ke da amfani. Stephen Lewis, wanda ya yi wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan ƙanjamau a Afirka daga 2001 zuwa 2006, ya kafa gidauniya a 2003. A Agustan 2006 gidauniyar ta haɗa kakanni mata 100 daga Afirka da takwarorinsu 200 na Kanada a Toronto. Tun daga lokacin ƙungiyoyin kakanni a faɗin ƙasar suke shirya tattaki da tafiyar keke da sayar da kayan hannu, sun tara miliyoyin daloli, kuma kuɗin suna zuwa ga ƙananan ƙungiyoyin al'umma da ke aiki da kakannin Afirka. Abin koyi a nan shi ne maimaitawa shekara bayan shekara, da kuma barin mutanen wurin su faɗi abin da suke buƙata. Kakannin na Kanada har majalisar ƙasarsu suke matsa wa lamba a kan samar da magani mai sauƙin kuɗi.

Saura abu guda da mai takawa zai kiyaye, wato yadda yake nuna yaran. Hoton yaro da rubutun da ke bayyana abin da ya kashe iyayensa yana buɗe aljihu da sauri, amma hoton zai zauna a intanet har yaron ya girma, ya nemi aiki, ya nemi aure, alhali ba a taɓa neman izininsa ba. A cikin unguwa ma, ware marayun ƙanjamau kaɗai a ba su kayan makaranta yana nuna su da yatsa, ya kuma haifar da ƙyashi a gidan maƙwabcin da haɗarin mota ko haihuwa ta mayar da 'ya'yansa marayu, alhali yunwarsu iri ɗaya ce. Shi ya sa shirye-shiryen da suka ƙware, irin na Kenya, suke zaɓen gidaje bisa talauci da kasancewar maraya ko mariƙi mai doguwar jinya, ba tare da sun nemi a kawo shaidar cutar da ta yi ajalin mamacin ba.